In Ta Fashe Lambo Za Ka Saya? Fara Tambayar Wa Ke Da Kwamfutarta

Tun da harkar mainin ta shigo Arewa, daga Notcoin zuwa Hamster Kombat a 2024, har zuwa 20 ga Fabrairun 2025 da aka buɗe kasuwar Pi, da wuya ka samu guruf ɗin matasa a WhatsApp ko Telegram da ba a jefa hoton Lamborghini a ciki ba. Namu na Birnin Kudu da Gwaram ma ba a bar su a baya ba. Wani ya saka ta a fuskar wayarsa, wani a sitatus, a ƙasa ya rubuta "in ta fashe". Wannan duk nishaɗi ne, ba ni da matsala da shi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne sabon salon da ya biyo baya. Yanzu sikirinshot ake turowa daga Copart da IAAI, shafukan gwanjon motoci na Amurka, ga Ferrari ko Maserati da farashin da bai kai na sabuwar Hilux ba, sai wani ya ce "ashe ma ba tsada". Daga nan zance ya tashi daga mafarki ya koma lissafi, kuma lissafin akwai gyara a cikinsa.

Ra'ayina shi ne, ranar da ka biya kuɗin tsohuwar motar gudu ta Italiya, ƙarfe da fata da tayoyi ka saya. Ikon gyara ta yana hannun wanda ke da manhajar da ke magana da ita. In babu shi a kusa da kai, to gadinta kawai kake yi.

Da an kawo wannan zance, hanya mutane ke fara ambata. Gaskiya ne, amma ita ce ƙaramar matsalar, bari mu wuce ta da sauri. Tsakanin cikin Lamborghini Gallardo ko Ferrari 458 da ƙasa wajen santimita 11 ne zuwa 12. Tecno ko Infinix ɗin da ke hannunka ta kai santimita 16 a tsaye. Wato in ka tsayar da wayarka a kan kwalta, ba za ta shige ƙarƙashin motar ba. Yanzu ƙirga tudun rage gudu daga Wudil zuwa Kwanar Huguma har cikin Birnin Kudu, ka ƙara da waɗanda mutanen gari ke yi da kansu da ƙasa da itace. Wasu motocin na da maɓallin ɗaga gaba da 'yan santimita, amma shi ma famfo ne da mai da sensa, ƙarin abin lalacewa ke nan. Hanyoyin ƙauyukan Gwaram da damina kuwa, ko ranar kasuwar Sara da manyan motoci suka cika titi, ba sai na ce komai ba.

Mai ya fi hanya muhimmanci. Injin waɗannan motoci yana matse mai da iska sosai kafin fulogi ya kunna, shi ya sa kamfanonin ke neman fetur mai lambar okten 95 zuwa 98. A Turai kala biyu ko uku ne a gidan mai, ka zaɓi wanda ya dace da injinka. A nan kala ɗaya ne, kuma ba mai gaya maka lambarsa. Idan man bai kai ba, sensa za ta ji injin na ƙwanƙwasa, kwamfutar motar ta rage masa ƙarfi don kada ya lalace. Ka biya kuɗin ƙarfin doki 500, kana hawan abin da bai kai ba. Mu kuma tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta Beljiyam, NNPC da bakinta ta tabbatar, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Eh, na san Aliko Dangote a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi sakandare, kuma matatarsa ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Wannan bai mayar da galan ɗin ɗan bumburutu na bakin tasha okten 98 ba.

Ga inda nake so mu daɗe. Ni manhaja nake rubutawa, da wannan idon nake kallon mota. A cikin motar zamani akwai ƙananan kwamfutoci da yawa, waɗanda kanikawanmu ke kira biren bos: ɗaya na inji, ɗaya na giya, ɗaya na birki, ɗaya na jakar iskar kariya, ɗaya na makulli. Duk suna hira da juna ta wata hanyar sadarwa mai suna CAN, wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986. Ƙofar shiga wannan hira wata soket ce mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, sunanta OBD-II, wadda doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Corollar kawunka na da ita, Ferrari 360 ma na da ita.

Za ka iya sayen 'yar na'urar ELM327 a Jumia ko AliExpress da kuɗin da bai kai na fawa bank mai kyau ba, ka soka ta a soket ɗin, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe Torque ko Car Scanner, lambobin matsala su fito. Sai dai abin da ya shafi inji da hayaƙi kawai doka ta tilasta a buɗe wa kowa. 'Yan uwana masu rubuta manhaja za su gane: kamar API ne da aka bar maka ƙofa biyu-uku kyauta, sauran sai da makullin kamfani. Giya, kuloci, shokozoba mai lantarki, saitin makulli, duk suna can ciki.

Ɗauki kuloci misali, don shi ne ke fara kayar da masu sabon shiga. Ferrari 360 da F430 masu giyar F1, da Gallardo mai e-gear, ba otomatik ba ne irin na Camry, duk da ba su da feda ta uku. Giyar hannu ce da kuloci na gaske, kwamfuta ce ke taka shi da famfon mai a madadin ƙafarka. Yana cinyewa kamar na kowace mota, kuma abin da ya fi cin sa shi ne tafiyar tsaya-tashi, da ribas, da hawan tudu a hankali. Wato cunkoson Mariri da Hotoro, da tudun rage gudun nan da muka ƙirga. Ba ka iya leƙawa ka ga saura nawa. Kwamfutar giyar ce ke riƙe da lissafin, kuma na'urar kamfani ce aka yi don karanta shi: SD2 da SD3 a tsofaffin Ferrari, DEIS a na baya-bayan nan, LaRA a Lamborghini. Akwai ta 'yan kasuwa mai suna Leonardo, kuɗinta dubban daloli. Manyan sikanonin China irin su Launch da Autel suna iya wani ɓangare na aikin, amma sai a hannun wanda ya san ma'anar lambobin da yake gani.

Abin bai tsaya a karatu ba. A ce ka samu sabon kuloci, ka samu bakanike mai hannu ya sauke giya ya ɗaura shi daidai. Motar ba ta san an canza ba. Sai an shiga da na'urar an gaya wa kwamfutar giya cewa kulocin sabo ne, an saita mata daidai inda zai fara kamawa. In ba a yi ba, za ta ci gaba da taka sabo da lissafin tsoho, ko ta riƙa fizga, ko ta ƙone shi cikin ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa canza sikirin ko batirin iPhone a Farm Centre ya ga saƙon nan da ke cewa wayar ba ta gane kayan ba, ko ya ga True Tone ya ɓace, ya san irin wannan ciwon. Ita waya za ta ci gaba da kira da caji. Mota kuwa tana iya ƙin shiga giya a tsakiyar Kwanar Babaldu, da rana tsaka, 'yan acaɓa sun zagaye ka suna ɗaukar bidiyo.

Kuma ƙofar ƙara rufewa take yi. A 2015 wasu masu binciken tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga wata Jeep Cherokee ta intanet daga nesa, suka kashe mata giya tana kan babbar hanya. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara manhajar, daga samfurin 2018 kuma ya fara saka wani mai gadi tsakanin soket ɗin OBD da sauran kwamfutocin, har da a Maserati da Alfa Romeo da suke ƙarƙashinsa a lokacin. Karanta matsala za ka iya, amma goge ta ko ba da umarni sai na'urarka ta yi rajista, ta hau intanet, an tantance ta. Na fahimci dalilin, ba wanda ke son a kashe masa mota daga ɗakin wani. Sai dai ga mutumin Gwaram, ma'anarsa ita ce gyaran motarsa ya rataya a kan amincewar wata kwamfutar kamfani da ke wata nahiya.

Buɗe shafin Ferrari ka duba taswirar dilolinsu. Za ka ga Johannesburg, za ka ga Casablanca da Dubai. Najeriya babu. Mai irin wannan mota a Maitama ko Ikoyi yana da kuɗin da zai ɗauko injiniya a jirgi, ko ya saka ta a kwantena, kuma yana da wasu motocin da zai hau kafin ta dawo. Kai da ka haɗa kan duk abin da ka mallaka ka saye ta, me za ka hau?

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ajiye ta ma kashe kuɗi ne. Bel ɗin taimin na Ferrari 360 na roba ne, ana canza shi duk bayan 'yan shekaru ko da motar ba ta motsa ba, don in ya tsinke fistin da bawul za su yi karo, injin ya tashi aiki. A F355 da ta gabace ta, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a kai ga bel ɗin. Sai a F430 aka koma sarƙa. Tayoyi ma suna tsufa ko ba a taka su ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, mako ne da shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma wannan ta wuce a yi gudu da ita komai kyan zanenta. Zafin Afrilu da Mayu na Jigawa da ke haura digiri 40 ba ya raga wa roba da fata, balle maɓallan cikin Ferrari da dama can an san su da narkewa su yi danƙo. Batir kuwa, kwamfutocin nan ba sa barci gaba ɗaya, cikin 'yan makonni sun shanye shi, shi ya sa ake barin motar a jone da caja. A jone da wace wuta? A Oktoban 2024 sai da yawancin Arewa ta yi fiye da mako babu lantarki. Sai ka haɗa wa mota sola tun ba ka haɗa wa ɗakin mahaifiyarka ba.

Iyayenmu masu doki sun daɗe da sanin wannan lissafi. Wanda ke fita hawan Sallah a Dutse 'yan kwanaki yake hawa a shekara, amma harawa da dusa da kanwa da yaron da ke kula da shi kullum ne. Tambarin Ferrari ma doki ne. Sai dai na Dutse ba ya jiran izini daga Maranello kafin a yi masa magani.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da masoyan Lambo ke kawowa, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Tun 1998 Lamborghini mallakar Audi ce, ƙarƙashin Volkswagen. Gallardo, wadda aka ƙera guda 14,022 tsakanin 2003 da 2013, 'yar uwar Audi R8 ce, kuma kaya da yawa a jikinta, daga maɓallan na'urar sanyi da rediyo zuwa wasu sensoci, lambar Audi ce a kansu. Wanda ya iya bin lambar kaya a intanet zai same su da rahusa. A ƙasar da Golf da Sharon suka cika tasha wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma in dole sai an saya, ita ce mai dama-dama a cikinsu. Amma ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ka nemi kulocinta, ko gilashin gabanta, ko bamba. Waɗannan ba a ciro su daga jikin Golf.

Su Tavarish da Mat Armstrong da kuke kallo a YouTube suna farfaɗo da waɗanda suka yi hatsari, ku lura da abu biyu. Kayan gyara har ƙofar gareji ake kawo musu, sannan kowace matsala da motar ta ba su sabon bidiyo ne da zai kawo kuɗin talla. Su lalacewar motar ce sana'arsu. Datar da ka ƙona kana kallo tana cikin abin da ya biya kulocin.

Mu koma kan sikirinshot ɗin. Lambar da ka gani a Copart yawanci tayin da aka kai ne a lokacin, gwanjon bai ƙare ba. A kanta akwai kuɗin masu gwanjo, da na dillalin da zai taya maka, da jigila zuwa bakin ruwa, da kwantena, da kuɗin fito a Tin Can, wanda tun 2022 Kwastam ke lissafa shi da lambar VIN ta motar. Kusan duk da dala ake lissafin, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Akwai kuma dokar da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, kuma 360 ta 2001 ta daɗe da wuce ta. Masu arahar Ingila su kuma sitiyarinsu a dama yake, dokarmu ba ta yarda da su ba.

Sannan me ya kai ta gwanjon? Mafi yawan motocin waɗannan shafuka, kamfanonin inshora ne suka biya masu su bayan sun ga gyaran bai da riba. Tsaya ka yi tunani a nan: a ƙasar da dila yake, kayan suke, na'urar take, can aka yi lissafi aka haƙura da ita. Kuma mafi haɗari ita ce wadda ba ta da ko ƙwarzane a hoto. Bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022, dubban motocin da ruwa ya shanye sun shiga gwanjo. Kowa ya san wayar da ta faɗa ruwa. A shanya ta, ta kunnu, ta yi wata guda lafiya, sai caji ya daina shiga, sai sifika ta mutu. Tsatsa a hankali take cin allon. To ka ɗauka wayoyi ne da yawa aka jera a ƙarƙashin kujera da kafet, aka zuba musu ruwan gishiri. Sayen irin wannan da 'yan hotuna cinikin biri a sama ne.

Abin da zai ɗan taimaka shi ne lambar VIN, haruffa da lambobi 17. Ta Ferrari da ZFF take farawa, ta Lamborghini ZHW, ta Maserati ZAM. Liƙa ta a Google kawai, sau da yawa tsofaffin hotunan gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. In daga Amurka ko Kanada take, sayi rahoton Carfax. Wannan ya shafi har wadda ka gani a tsaye tana sheƙi a wurin dillali a Abuja, domin a 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su nan. Rashin sani ba ya hana a karɓe ta a hannunka.

Gaskiyar magana, a cikin masu karanta wannan da wuya a samu wanda zai sayi Ferrari. Tarkon da nake jin tsoro ya fi wannan kusa, shi ne Maserati Ghibli. Ta fito a 2013, sabuwarta ta haura dala 65,000 a Amurka. Yau ta 2014 ko 2015 ana samun ta ƙasa da dala 20,000, mai hatsari kuma ƙasa da haka sosai. Ƙofa huɗu ce, ga tambarin mashi mai baki uku, kuma injinta V6 a masana'antar Ferrari ta Maranello aka haɗa shi, abin da dillali zai maimaita maka sau goma. Wannan kuɗi ne da matashin da kiripto ta yi wa rana, ko mai aikin nesa da ake biya da dala, ko wanda aka raba gado ya sayar da gona, zai iya haɗawa. Giyarta ta ZF ce mai takwas irin ta BMW, ita ba laifi. Amma farashin motar ne kawai ya faɗi. Na fitilarta da turbonta da birkinta yana nan inda aka yanka shi don mai dala 65,000. Dalilin faɗuwar ma ke nan, waɗanda suka san kuɗin riƙonta sun guje ta. Haka lissafin yake ga tsohuwar Range Rover da BMW da Benz ɗin da ake yayi, sai dai su aƙalla akwai masu gyaransu a Kano da Apo.

Don haka shawarata a juye take da yadda aka saba. Kafin ka nemi mota, nemi mai gyaranta. Je garejin da ƙafarka, ka ga irinta a ɗage ana aiki, ka tambaye shi wace na'ura yake da ita, ya jona a gabanka. Zaɓi kaya uku, a ce fitilar gaba, famfon mai da faifan birki, ka nemo farashinsu har zuwa Kano da kwanakin da za su ɗauka. Tambayi mai janwe nawa zai ɗauke ta daga Gwaram zuwa Abuja, ka kuma ajiye lambarsa. In bayan biyan kuɗin motar ba ka da wani kaso mai kauri a gefe da dala, ba ka isa sayenta ba tukuna, komai abin da walat ɗinka ke nunawa yau.

Ga wanda son motocin nan ya kama shi da gaske, ni a ganina gefen kwamfutar ne ya fi dacewa da mu. Kusan duk 'yar Beljiyam da ke shigowa Birnin Kudu yanzu tana da soket ɗin nan mai rami 16. Kanikawanmu sun iya ƙarfe, wasunsu da kunne kawai suke gane ciwon inji. Amma idan fitilar inji ta kama, da yawa har yanzu canke ake yi: a canza fulogi, a canza famfo, a cire tamostat, in ta ƙi mutuwa a liƙe ta da baƙin salatif. Mai mota ya biya kuɗin kaya uku, alhali sensa ɗaya ce ta mutu. Matashin da ke da waya da ELM327, ya kuma iya karanta Turancin manhaja, zai iya tsayawa kusa da ogan gareji cikin ladabi ya ce masa, Oga, P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ba ta kamawa, P0420 kuma zancen abin tace hayaƙin salansa ne, wanda suke kira indomi. Daga nan a tara a sayi babbar sikana, a koyi saitin makulli da na giya. Yaren CAN da Golf ke yi shi Gallardo ke yi, kuma wanda ya ƙware a wannan fanni shi masu Lambon Abuja za su riƙa nema a waya.

Gwajin farko ma ba ya buƙatar ko sisi. Duk motar hannu da za ka saya, ko ka raka wani saye, murɗa makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa, kada ka tayar da inji. Fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS dole su kama, sannan in an tayar da inji duk su kasance a mace. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar wani ne ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta. In duk sun kama sun mutu lafiya, jona ELM327 ka duba gwaje-gwajen hayaƙi da motar ke yi wa kanta. Idan da yawansu sun nuna ba a kammala ba, to ba a daɗe da goge lambobin matsala ko cire batir ba. Sai ka ce wa dillalin ku ɗan taka daga Kano zuwa Wudil ku dawo, a sake jonawa a gabansa.